MAI JUNA BIYU DA CIWON BAYA

Wataƙila wani zai ga wannan magana a mujallar makaranta ya ce ina ruwan ɗalibi da ciwon bayan mai ciki. To, ai da ruwanmu. In mun koma gida hutu, mu ake aike kemis. Mu ake miƙa wa kwalin magani a ce, "Kai ɗan boko, duba mana guda nawa ake sha." Kuma da wuya a sami gidan da babu inna, ko yaya, ko matar kawu mai juna biyu, wadda za a gani ta dafe kwankwaso kafin ta miƙe daga kan tabarma. Hausawa kan ce ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, amma wannan ciwo kam yana buƙatar hannun kowa a gida, maza da mata.

Bari mu fara da abin da ke kawo shi. Fiye da rabin mata masu ciki suna fama da ciwon baya ko na ƙugu, galibi daga tsakiyar ciki zuwa gaba. Kamar yadda muka koya a darasin halittu, ƙashin bayan mutum ƙananan ƙasusuwa ne guda 33 a jere, kuma guda 5 da ke wajen kwankwaso su suka fi ɗaukar nauyin jiki. Mace mai matsakaicin jiki takan ƙara nauyin kilo 11 zuwa 16 kafin ta haihu. Jaririn kansa yakan kai kilo 3 ko fiye, ruwan da yake kwance a ciki kusan lita 1 ne, mahaifar da a da ba ta kai giram 100 ba ta kan kai wajen kilo 1, ga mabiyiya, ga ƙarin jini. Yawancin wannan kaya a gaba yake. Duk wanda ya taɓa rungumar jarkar ruwa a ƙirji ya san yadda mutum ke banƙarewa don kada ya kife. Haka mai ciki take yini, sai dai ita ba ta da damar ajiye jarkar ta huta. Tsokar ciki, wadda a da take taya baya riƙe jiki, ta miƙe ta yi rauni, sai aikin duka ya koma wa tsokar baya.

Bugu da ƙari, jikin mai ciki yana fitar da waɗansu sinadarai, ciki har da wanda likitoci ke kira rilaksin, waɗanda ke sassauta jijiyoyin da suka ɗaure ƙasusuwan ƙugu don hanya ta buɗe ranar haihuwa. Abin amfani ne, amma gaɓar da aka sassauta ba ta jure wahala. Shi ya sa wata za ta ji ciwon a gadon baya, wata a bayan ƙugu har ya sauka cinya, wata kuma a ƙashin mara, musamman in za ta hau mataki ko za ta juya a kan gado.

Irin wannan ciwo ba ya taɓa jariri, kuma ga yawancin mata yana raguwa bayan haihuwa. Babban maganinsa ba a kemis yake ba, a tsakar gida yake. Mu duba aikin da mace ke yi daga asuba zuwa dare, mu ƙirga nawa ne ake yi a duƙe. Shara da gajeriyar tsintsiya a duƙe ake yi. Wanki a baho a duƙe, wanke-wanke a duƙe, hura wuta a murhu da tuƙa tuwo duk a duƙe. Jan guga daga rijiya kuwa ya haɗa duƙawa da murɗa jiki da ɗaukar nauyi a lokaci guda, abubuwa uku da baya ya fi ƙi. Jarka mai cin lita 20 nauyinta kilo 20 ne in ta cika, wato ta fi duk nauyin da cikin ya ƙara mata. Sau da yawa kuma akwai wani yaron a goye.

Gyaran waɗannan ba ya cin kuɗi. A ɗaura wa tsintsiya doguwar sanda. A ɗora bahon wanki a kan turmin da aka kife ko a kan benci, ta yadda za ta yi a tsaye ba tare da sunkuyawa ba, ko ta zauna. In za ta daɗe a tsaye, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan bulo ko 'yar kujera, tana canjawa. In abu ya faɗi ƙasa, ta tsuguna da gwiwoyi, bayanta a miƙe, ta jawo abin kusa da jikinta sannan ta tashi. Kada ta lanƙwashe daga ƙugu. In za ta juya, ta juya da ƙafafunta gaba ɗaya. Takalmi mai tsini a ajiye shi sai bayan suna. Ɗebo ruwa, daka, da goyon babban yaro kuwa, a ra'ayinmu waɗannan ba gyara suke buƙata ba, karɓa suke buƙata. Saurayin da ya iya buga ƙwallo minti 90 ba zai ce guga ta fi ƙarfinsa ba.

Amma fa ba mu ce mai ciki ta kwanta ta yini a ɗaki ba. Yawan kwanciya ƙara sandarar da baya yake yi. A shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin kula da masu ciki, inda ta ba da shawarar a riƙa motsa jiki a kai a kai don kare ciwon baya da na ƙugu, ta kuma ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau 8 kafin haihuwa. Tafiya a ƙasa ta kamar minti 30, da safe ko da la'asar sakaliya, ta isa ga mai lafiyayyen ciki. Akwai kuma wani motsi mai sauƙi da ake yi a kan tabarma: ta durƙusa a kan gwiwoyi da tafin hannu, ta tura gadon bayanta sama a hankali kamar yadda kyanwa ke yi in ta tashi daga barci, ta riƙe na ɗan lokaci, sannan ta dawo da shi daidai. Ta maimaita kamar sau 10. In ta ji zafi ta dakata. Wadda aka ce mata a asibiti cikinta na da matsala, kamar mai zubar jini ko hawan jini, sai ta tambaya tukuna.

Wajen barci, kwanciya a gefe ta fi, da matashi ɗaya tsakanin gwiwoyi, wani kuma a ƙarƙashin cikin. In babu matashi, tsohon zani a naɗe yana yin aikin. Daga mako na 28 ana so ta daina fara barci a rigingine, domin nauyin mahaifa yana danne babbar jijiyar da ke mayar da jini zuwa zuciya, abin da ke rage jinin da ke isa ga jariri. In ta farka ta ga ta koma rigingine, ba abin tsoro ba ne, ta juya kawai. In za ta tashi, ta mirgina gefe, gwiwoyi a haɗe, ta sauke ƙafafu, sannan ta tura jikinta sama da hannu. Katifar soso da ta lotsa ta zama kwale-kwale kuwa, gara a sauke ta ƙasa ko a sa mata katako.

Gashi da ruwan ɗumi yana taimakawa. A tsoma tawul, a matse, a ɗora a kwankwaso minti 15 zuwa 20. Ɗumi muka ce, wanda hannu zai iya jurewa, kuma a baya kaɗai, ba a kan ciki ba. Wannan ba wankan jego ba ne. Ko shi wankan jegon ma yana da tasa magana, domin tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta ciwon zuciyar da ke kama waɗansu masu jego da yawan shan kunun kanwa da kwanciya a kan gadon da aka hura wa wuta. Tausa ma tana da kyau in an yi ta a hankali, tana zaune ta jingina gaba ko tana kwance a gefe. Al'adar nan ta kwanciya rub-da-ciki a sa yaro ya taka baya ba ta mai ciki ba ce. Haka nan ƙaho da tsaga: mata da yawa dama jininsu yakan yi ƙasa a lokacin goyon ciki, ga shi askar da ba a tafasa ba tana iya sa cutar sarƙe-haƙora ko ciwon hanta. A asibiti akan ba waɗansu ɗamara ta musamman mai tallafe ciki daga ƙasa.

Yanzu sai batun aike kemis, wanda shi ne ya fi damunmu. In mutum ya je ya ce a ba shi maganin ciwon baya, kusan kullum abin da za a miƙo masa shi ne ibufurofen, ko dikulofenak, ko firoksikam, waɗanda aka fi sani da sunaye irin su Brufen, Cataflam da Feldene. Suna aiki sosai, shi ya sa ake son su. Amma a watan Oktoba na 2020 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗin kada mai ciki ta sha wannan rukuni daga mako na 20 zuwa gaba, sai in likita ne ya rubuta. Dalili kuwa shi ne, a rabin ƙarshe na ciki, ruwan da jariri ke kwance a ciki yawancinsa fitsarinsa ne. Waɗannan magunguna suna iya rage aikin ƙodarsa, ruwan ya ragu, alhali yana buƙatar ruwan don huhunsa da gaɓoɓinsa su ginu. Daga wajen mako na 30 kuma haɗarin yana ƙaruwa. Akwai wata 'yar jijiya kusa da zuciyar jariri wadda ke kauce wa huhu da jini, tun da bai fara numfashi ba, kuma ba a so ta rufe sai bayan an haife shi. Waɗannan ƙwayoyi suna iya rufe ta tun yana ciki. Kun ga garin neman gira an rasa ido. Asfirin ma ɗan gidansu ne, in ban da 'yar ƙaramar ƙwayar da likita kan rubuta wa wadda ake jiye wa hawan jinin ciki. Wannan daban ce, kuma wadda aka rubuta wa kada ta daina.

Tiramol kuwa, in mai ciki ta saba da shi, jaririn ma ya saba, sai a haife shi yana karkarwa da kuka don an yanke masa. Abin nan da ake ƙirgo ƙwayoyi kala-kala a ƙulle a leda a ce haɗin ciwon jiki ne, shi ya fi kowanne muni, domin babu kwali, babu suna. Jiƙe-jiƙe da saiwoyi ma haka, ba a san ƙarfinsu ba, waɗansu kuma suna sa mahaifa ta murɗa. Ko man zafi da ake shafawa, waɗansunsu suna ɗauke da dangin asfirin, sai a nuna wa malamar awo kafin a shafa.

Wanda likitoci suka fi amincewa da shi ga mai ciki shi ne farasitamol, wato Panadol da ire-irensa. Babba yakan sha ƙwaya 2 masu miligiram 500, a bar aƙalla awa 4 tsakani, kada a wuce sau 4 a awa 24. A sha shi lokacin da ake buƙata kawai, na 'yan kwanaki. A watan Satumba na 2025 gwamnatin Amurka ta ta da ƙura cewa yana da alaƙa da wata larurar ƙwaƙwalwa ta yara, amma a cikin watan Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu tabbatacciyar hujjar kimiyya a kan haka. A lura dai, waɗansu ƙwayoyin an haɗa farasitamol da ibufurofen a cikinsu, saboda haka a karanta jikin kwali duka. Duk wanda aka aika, ya buɗe baki ya gaya wa mai kemis cewa maganin na mai ciki ne, ya faɗi watanninta. Mun san akwai nauyin baki, musamman in cikin fari ne da ake ɓoyewa don kunya, amma mai kemis ba ya duba.

Akwai kuma ciwon bayan da ba na nauyin ciki ba ne, wanda shan magani a gida zai rufe shi kawai har lokaci ya ƙure. In ciwon yana zuwa yana tafiya a kan ƙa'ida, kamar kowane minti 10, ciki yana tauri tare da shi, alhali ba a kai mako 37 ba, mai yiwuwa naƙudar bakwaini ce. Mata da yawa ta baya naƙuda ke fara musu. In ciwon a gefe ɗaya yake, ƙarƙashin haƙarƙari, da zazzaɓi da rawar sanyi ko zafin fitsari, ana zargin ƙwayar cuta ta hau ƙoda, abin da kan jawo haihuwa kafin lokaci. In ya zo farat ɗaya da tsanani, ciki ya ƙame, ko da jini ya fito ko bai fito ba, wataƙila mabiyiya ce ta fara rabuwa da mahaifa. Haka in faya ta fashe, ko jariri ya rage motsi, ko ta faɗi, ko ƙafafu da tsakanin cinyoyi suka yi sanyi kamar ba nata ba, ko fitsari da bayan gida suka ƙi riƙuwa. Ciwo a saman ciki ta gefen dama tare da ciwon kai, ganin dishi-dishi da kumburin fuska alama ce ta hawan jinin da ke kai wa ga jijjiga. Mai ciwon sikila kuwa, da yake ciki yana yawan tayar da shi, ciwon baya mai tsanani a wurinta na asibiti ne tun daga farko.

Duk waɗannan ba a jiran ranar awo, ba a kuma jiran gari ya waye. In maigida ba ya nan, babba a gidan ya ba da izini a tafi. A nemi mota ko a-daidaita-sahu maimakon babur, a ɗauki katin awonta, a kuma tafi da kwalin duk wani maganin da ta sha a kwanakin don a nuna wa likita.