Safinja: Yadda ake ta da tsohuwar Bedford daga ƙashinta a Sudan

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa ɗora buhunan dawa, riɗi ko albasa daga ƙauyukanmu na bakin kogi, tun daga Mai Wurno kusa da Sinnar har zuwa wajen Damazin, ya san motar nan mai dogon hanci da ake kira Safinja. Ita ce Bedford, wadda mutanen Kano ke ce wa Bilhodi. An fara ƙera samfurin TJ a Ingila a 1958, kamfanin kuma ya daina yin manyan motoci a 1986, amma a nan Sudan ta ƙi mutuwa. Sunan Safinja daga silifas ɗin roba aka aro shi, saboda taushin tafiyarta a hanyar da ba kwalta.

Abin da ya sa muka ɗauko wannan magana shi ne yadda 'yan'uwanmu fatake ke zuba jarinsu a irin wannan mota, suna kallon fenti da ado da ƙarar inji, alhali ran motar yana ƙasa, wato a shasi da sifirin.

Makanikan Sudan sun daɗe da gane haka. Idan aka kawo musu tsohuwar Bedford, ba sa yi mata kwaskwarima. Warware ta suke yi kaf, a sauke bodi da kan mota da inji, har sai dogayen ƙarafa biyu na shasi sun rage tsirara a kan turaku. Wani Bajamushe masanin halayyar al'umma, Kurt Beck, ya yi nazari a kan wannan sana'a, kuma a 2009 Valerie Hänsch ta fito da fim a kanta mai suna Sifinja.

Aikin farko kankare tsatsa da tsohon giris ne da buroshin waya, aiki mai cin rai da akan bar wa yaran gareji. Sai ƙarfe ya fito fes sannan maigida zai bi shi a hankali yana neman tsaga, musamman inda maratayin sifirin ke kama shasi, domin nan nauyi ke taruwa. Daga nan a ja igiya daga kusurwar gaba ta dama zuwa ta baya ta hagu, a sake ja ta ɗaya ɓangaren. In tsawon biyun bai zo daidai ba, shasi ya karkace ke nan, kuma motar za ta riƙa tafiya a kaikaice tana cin taya, komai tsadar tayar.

Wurin ƙarfafa shasi ne ake bambanta gwani da ɗan koyo. Gwani yakan shimfiɗa wani ƙarfe a jikin na asali, ya kama su da kusoshi. Mai gaggawa kuwa sai ya bi leɓen shasin da walda a gicciye, ya shafe da baƙin fenti. Zafin walda yana raunana ƙarfen a daidai wurin, kuma a nan zai karye wata rana, galibi da kaya a kai, a nesa da gari. Saboda haka idan mai saye ya ga sabon fenti mai kauri a wuri ɗaya tak a ƙarƙashin mota, ya sa a kankare masa ya gani. Wanda ya yi aikin kirki jan fentin hana tsatsa yake fara shafawa ko'ina kafin baƙin.

Sai sifirin. Ana kwance kusar tsakiya, a raba ganyayyakin ɗaya bayan ɗaya, a goge, a jefar da mai tsaga. Wanda ya miƙe saboda gajiya, maƙeri ya mayar masa da lanƙwasarsa da guduma. A shafa giris a tsakaninsu, a sa sabon bushin da fil. Dole a yi dama da hagu tare, in ba haka ba mota ta riƙa jingina gefe guda. Kusoshin da ke ɗaure sifirin da aksil kuwa, bayan lodin farko sai an koma an ƙara ɗaure su, domin ganyayyakin sukan zauna. Wannan ƙaramin abu direbobi da yawa ke mantawa.

A nan ne muke da ja da masu motocin. Kusan kowa yana sa a ƙara masa ganyen sifirin don motar ta ɗauki fiye da abin da kamfani ya ƙayyade, wasu har a tsawaita shasin. To, sifirin ya ƙaru, amma birki yana nan yadda Bature ya yi shi. Ga kuma baƙar ƙasar Jazira, wadda da damina takan zama laka mai riƙe taya. Mota mai lodi fiye da kima in ta kafe, ana jijjiga ta gaba da baya, murɗewar shasi ake saye. Mai albasa ko tumatir da ya kwana uku a cikin laka ya san abin da ya rage masa.

Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙara wa sana'ar nauyi. Wad Madani, inda mutanen yankin suka saba neman kayan gyara, ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamban 2023, sai a Janairun 2025 sojoji suka karɓe ta. Singa ma ta fita daga hannun gwamnati daga Yuni zuwa Nuwamban 2024. Da ma kayan Bedford sababbi sun yi wuya tun kafin nan, mota ɗaya ake yankawa a raya wata.

Shawarar da muke ba duk wanda zai sayi Safinja, ko zai ba ta amanar kayansa zuwa Gadarif ko Gallabat a iyakar Habasha, ita ce ya zo da tocila da igiya da makanikin da ba na mai motar ba. Ya shimfiɗa buhu, ya shiga ƙarƙashi, ya ƙirga ganyen sifirin na dama da na hagu kafin a fara maganar kuɗi.