Gishirin Miya da Tambayar da Ta Kayar da Ni

Gobe ƙanwata ke da gasar kacici-kacici ta kimiyya, sai na tuna tambayar da ta taɓa kayar da ni ina JSS 2: mene ne bambancin cakuɗa da haɗin sinadari?

To, ku ɗauki gishiri. Sodiyam ƙarfe ne, in ya taɓa ruwa har wuta yakan kama. Kulorin kuwa iska ce mai guba. Amma da suka haɗu, kowa ya bar halinsa, sai ga NaCl, gishirin miya. Wannan shi ne haɗin sinadari.

Ruwan gishiri fa? Cakuɗa ce kawai. Ku tafasa shi har ruwan ya ƙone, gishirinku na nan a gindin tukunya.

Ni dai ranar cewa na yi ai duk ɗaya ne, nan take aka fitar da mu.