Guntuwar Igiyar Dala 9 da Na'urar Dala 600

A watan Satumba na 2016 kamfanin Apple ya fito da iPhone 7 babu ramin da ake cusa iyafis, sai wata guntuwar igiya da ya saka wa masu saye a cikin kwali. A lokacin, wanda tasa ta ɓace, dala 9 yake biya ya sami wata. Da yawa sun ɗauka igiya ce kawai mai kai biyu, alhali a cikin kan nan nata akwai na'ura sukutum, wadda masu harkar ke kira DAC.

Waƙa ko karatun da ke cikin waya lambobi ne zalla. A ma'aunin faifan CD, sau 44,100 ake auna sauti a kowace daƙiƙa a rubuta. Kunne kuwa ba ya jin lamba. DAC ce ke mai da lambobin nan wutar lantarki mai hawa da sauka, sannan wani ɗan amfilifaya ya ƙara mata ƙarfi har ta kaɗa fatar lasifikar da ke cikin iyafis.

Tun kafin Apple ya toshe ramin, kasuwar irin wannan na'ura ta fara ci. AudioQuest na Amurka ya fito da DragonFly a 2012, abu kamar filashin kwamfuta, kuma samfurinsa ja na 2016 ya kai wajen dala 200. Chord na Ingila ya kawo Mojo a 2015 a kan kusan dala 600. Kamfanonin Sin irin su FiiO suka cika tsakiya da masu rangwame. Kowa kuma na tallar cip ɗin da ya saka, wannan na ESS, wancan na AKM ko Cirrus Logic, sai ka ce sunan cip ɗin ne ke rera waƙar.

Ni ma na taɓa hawa wannan dokin. Wani abokina ya aro mini DAC mai tsada, na jona, na ji ganga ta cika, muryar mawaƙi ta matso kamar yana zaune a gabana. Na rantse masa bambancinta da mai arha a fili yake. Sai ya ce in juya baya. Ya kunna ƙara guda mai tsayi, ya ɗora mitar masu gyaran rediyo a bakin kowace na'ura, ya yi ta murɗawa har wutar da suke fitarwa ta zo daidai. Daga nan ya riƙa cirewa yana jonawa ba tare da na gani ba, yana tambaya, “To, wacce ce wannan?” Da ƙaramin iyafis ɗina, canki-canka na koma yi. Ashe tun farko mai tsadar ta ɗan fi ƙara ne, kuma kunnen ɗan Adam haka yake: abin da ya ɗara ƙara, ko da kaɗan ne, shi yake ji ya fi daɗi. Shi ya sa masu gwaji na gaskiya ke daidaita ƙara har zuwa kashi ɗaya cikin goma na desibel, su kuma ɓoye wa mai sauraro abin da aka jona. Ido in ya ga farashi, yakan riga kunne yanke hukunci.

Wannan ba ya nufin duk jirgi ɗaya ya kwaso su. Da muka ɗauko babban hedfon na Sennheiser HD 600, mai taurin om 300, labari ya sha bamban. Igiyar Apple mai kan USB-C bolt ɗaya take fitarwa, wadda ake sayarwa a Turai ma rabin haka, saboda dokokin kare kunne. DragonFly ja yana ba da bolt 2.1. A waƙoƙin da aka naɗa da sanyin murya, sai ka murɗa ƙarar igiyar Apple har ƙarshe, abin bai ishe ka ba. Nan kam ko da ido a rufe na gane. Amma lura, ƙarfin amfilifaya ne ya raba gardama, ba ƙwarewar juya lamba ba.

Akwai kuma kishiyar wannan matsala. Iyafis masu saurin amsawa, irin na mawaƙa a kan dandamali, sukan tona asirin na'ura mai hayaniya. Da dare, idan gari ya yi tsit, tsayar da waƙa ka kasa kunne. In ka ji wani siririn “sss” kamar iska na fita daga taya, daga na'urar yake, kuma tsadarta ba ta hana shi.

Wanda zai saya a kasuwar waya ya tafi da wayarsa da iyafis ɗinsa. Wasu igiyoyin USB-C masu arha babu DAC a cikinsu ko kaɗan, sun dogara ne ga wayar ta turo sautin a shirye. A kan wasu wayoyin za su yi, amma ka jona su a Pixel ko yawancin sababbin Samsung, ko tari ba za ka ji ba.