Labaran lafiyar muhalli: na'ura ta kawo, wa zai kai kasuwa?

A shekarar 2019 ƙungiyoyi biyu, IPEN da Basel Action Network, suka fitar da sakamakon gwajin ƙwan kajin da ke kiwo a Agbogbloshie, wurin nan na Akra da ake ƙona wayoyin lantarki don a cire jan ƙarfe. Sun ce baligi idan ya ci ƙwai ɗaya tal, gubar dayoksin da ta shiga jikinsa ta ninka sau 220 abin da hukumar kula da abinci ta Turai ta ƙayyade a rana. Labarin ya zaga duniya da Turanci. Ni abin da ke damuna shi ne yadda irinsa zai kai kunnen matar da kajinta ke tono a gefen bola.

Ɗauko labarin dai ba wuya yanzu. Akwai wata dabara da ake kira RSS, wadda kamfanin Netscape ya fito da ita a 1999. Kafar da ta rubuta labari tana ajiye wani ɗan jeri mai ɗauke da kanu, taƙaitaccen bayani, kwanan wata da adireshin labarin. Kwamfutar jaridar da ke so sai ta riƙa leƙa jerin lokaci-lokaci, da sabon abu ya shigo sai ya fito wa masu karatunta, ba wanda ya taɓa. Yawanci ma kyauta ne. A Amurka akwai Environmental Health News, wadda masanin kimiyya Pete Myers ya kafa, aikinta kullum tattaro labaran guba, iska da ruwa. Sai dai a kula: kanu da adireshi aka ba ka, ba izinin kwashe labarin mutane gaba ɗaya ba.

To, amma fa na'ura ba ta san wa ke karatu ba. Za ta kawo maka hayaƙin gobarar daji a Kalifoniya da sinadaran PFAS a ruwan famfon Amurka. Matsaloli ne na gaske, ban raina su ba. Mu kuwa abin da ke gabanmu shi ne zaiba, ruwan ƙarfen nan da 'yan galamsey ke kama zinariya da shi, yana gangarawa kogin Pra da Ankobra. Ga hayaƙin gawayi da itace da iyayenmu mata ke shaƙa safe da yamma. Ga ƙurar hunturu da ke tasowa tun daga kwarin Bodele a Chadi.

Wani lokaci kuma labarin namu ne, an dai binne shi cikin Turancin masana. A 2014 an wallafa bincike kan tukwanen alminiyom da maƙera ke zubawa daga tarkacen ƙarfe a Kamaru, aka ga suna sakin dalma idan an dafa abu mai tsami a ciki. Gida nawa ne a Nima ko Sabon Zango babu irin wannan tukunya? Kuma mun san aikin dalma: a 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan haƙar zinariya na Zamfara. Kanun wannan bincike zai wuce a jeri cikin kwana ɗaya, wasu su danne shi.

Shi ya sa a ganina duk jaridar da za ta jona irin wannan jeri, ta ajiye mutum a kansa. Ya zaɓi biyu ko uku a mako, ya mayar da su Hausa, ya faɗi abin da mai karatu zai iya yi, ya kuma tura wa gidajen rediyon unguwa, tunda da yawa daga cikin waɗanda abin ya fi shafa sauraro suke yi, ba karatu ba.

Sannan ya bi sawu. A watan Yulin 2021 hukuma ta rushe kasuwar tarkacen Agbogbloshie, kafofin waje suka ba da labari suka wuce. Masu sana'ar sun watsu zuwa wasu wurare, gubar da ta shiga ƙasa kuma katafila ba ta kwashe ta ba. Inda ake ƙona wayar yanzu, da kajin wa ke kiwo a wurin, sai ɗan jarida ya taka da ƙafarsa ya gano.