Yadda Manhajar Lissafi Ke Mayar da Lambobi Zane

Duk ɗalibin da ke shirin jarrabawar WAEC ko NECO a Haɗejia ya san wahalar zanen lissafi: a tsara jadawali, a yi ta ɗiga tabo a takarda, a haɗa su da fensir hannu na rawa. Yanzu akwai manhajojin da ke yin wannan aiki a wayar hannu, kuma kyauta ne. Biyu sun fi suna. Akwai GeoGebra, wadda Markus Hohenwarter ya soma ƙirƙira a 2001 yana ɗalibi a Jami'ar Salzburg ta ƙasar Ostiriya, sai Desmos, wadda Eli Luberoff ya kafa a Amurka a 2011. Da ka sauke su a waya, za ka iya zane ko babu data. Sai dai galibin masu danna su ba su san abin da ke gudana a ciki ba, kuma wanda bai san wannan ba, ranar da manhaja ta zana masa shirme hannu biyu zai karɓa. Bari mu bi aikin daki-daki.

Mu ɗauki manomin rani a fadamar Auyo ko Kirikasamma. Yana son killace lambun tattasai da albasa a bakin kogi saboda dabbobi, wayar shingen da ya saya kuma mita 100 ce. Kogi ya tsare masa gefe ɗaya, saura uku. Yaya zai ja wayar ya samu fili mafi girma? Mu kira tsawon kowane ɗaya daga gefuna biyun da suka gangara ruwa x. Su biyun sun cinye 2x, abin da ya rage wa gefe na uku shi ne 100 − 2x. Girman lambun ke nan x(100 − 2x). Wannan jimlar za ka rubuta a manhaja.

Abu na farko da take yi shi ne karatu. Ita ba ta ga lambu ba, ba ta ga kogi ba. Jerin alamomi kawai ta gani. Sai ta yanyanka su gaɓa-gaɓa: ga x, ga buɗe baka, ga 100, ga alamar ɗebewa, har zuwa rufe baka. A nan take gane cewa 1 da 0 da 0 lamba ɗaya ce, kuma 2x na nufin 2 sau x, ko da ba ka rubuta alamar ninkawa ba.

Daga nan sai tsara wanda zai riga wani, kuma nan ne gizo ke saƙar. Dokar ita ce wadda aka koya mana a firamare da sunan BODMAS: abin da ke cikin baka shi ne farko, ninkawa da rabawa kuma suna gaba da tarawa da ɗebewa. Wani masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya bayyana wata dabara a 1961 wadda na'ura za ta iya bi ta kiyaye wannan doka. Lambobi takan jera su yadda suka zo, alamomin aiki kuwa sai ta tsiba su kamar kwanonin da aka ɗora kan juna: wanda aka ɗora ƙarshe shi ake fara ɗauka. Mu gwada da x daidai da 10. Ta ajiye alamar ninkawar farko, ta buɗe baka, ta karanta 100, ta ajiye alamar ɗebewa, ta karanta 2. Sai ga wata ninkawar. Tunda ninkawa ta fi ɗebewa ƙarfi, ita ke hawa sama, don haka ita za a fara yi: 2 sau 10, 20. Sannan 100 a ɗebe 20, saura 80. An rufe baka, sai 10 sau 80. Lambun zai zama murabba'in mita 800.

Ka manta bakan nan, ka rubuta x sau 100 − 2x, amsar za ta fito 980, zanen kuma ya miƙe sambal yana hawa ba iyaka, wai waya mita 100 za ta kewaye duk fadamar. Manhajar ba za ta ce maka uffan ba, domin abin da ka rubuta ta lissafa.

Zanen kansa ba wani siddabaru ba ne. Wannan lissafin da muka yi sau ɗaya, shi take maimaitawa sau ɗaruruwa da x daban-daban. A 20 ta samu 1200, a 25 ta samu 1250, a 30 ta dawo 1200, a 40 ta sauko 800, a 50 kuma sifili. Kowace amsa takan zama ɗigo ɗaya a fuskar waya: x ya nuna nisan da za a tafi a layin kwance, amsar ta nuna hawan da za a yi a layin tsaye. Wannan hanya ta haɗa lamba da wuri ana jingina ta ga René Descartes na Faransa, tun littafinsa na 1637. Sai manhajar ta haɗa ɗigon da gajerun layuka miƙaƙƙu, ƙanana ƙwarai har ido ya gan su a matsayin lanƙwasa ɗaya mai santsi.

Yanzu duba zanen. Ya hau, ya kai ƙololuwa, ya sauko. Taɓa ƙololuwar da yatsa, za ta nuna maka 25 da 1250. Wato manomin ya ja mita 25 a kowane gefen da ya gangara ruwa, mita 50 a gefen tudu. Da gefe huɗu zai shinge da wayar nan, 625 kawai zai samu. Kogi ya ninka masa fili.

Saura abin da manhaja ba ta sani ba. In ka ja zanen dama, a x daidai da 60 za ta nuna maka −1200, alhali babu lambun da girmansa ke ƙasa da sifili. Kai ne za ka san cewa zancen ya tsaya tsakanin 0 da 50. Haka in ɗalibin Kwalejin Binyaminu Usman ya shigar da awon hawan Kogin Haɗejia na watannin damina, za ta jera masa ɗigo, ta ma ratsa layi mai kyau a tsakaninsu. Amma layin bai san ranar da za a saki ruwa daga madatsar Tiga ko ta Challawa ba, bai kuma san inda kachala ta toshe hanyar ruwa ba. Kada kowa ya ɗauke shi hasashen ambaliya.

Shawarata ga malaman lissafi: kada ku hana ɗalibai waɗannan manhajoji, amma kafin yaro ya taɓa waya, ya fara lissafa ɗigo uku da hannu a littafinsa. In zanen ya bi ta kansu, to madalla. In ya kauce, ya koma ya duba bakansa.