Kallon Silima Da Yadda Sha'awarsa Ke Sakewa

'Yan'uwana ɗalibai, da wuya a sami ɗaya daga cikinmu wanda ba shi da wani fim da ya ƙwallafa rai a kansa sa'ad da ya ke yaro, amma yau in aka sa masa shi ba zai iya zama ya ga ƙarshensa ba. Waɗansu su kan ce finafinan dā ne ba su da kyau, waɗansu kuwa su ce na yanzu ne suka lalace. Ni dai a ganina fim yana nan yadda aka yi shi, mai kallo ne ya sake, musamman kunnensa. Tun da ya ke yara za a danƙa mana in mun gama kwalejin nan, ya kamata mu san yadda abin ya ke tafiya.

Kallo ya daɗe a ƙasar nan. A cikin 1937 aka buɗe gidan silima na Rex a Kano, wani Kwara mutumin Lebanon ne ya gina shi. A 1939 kuma Gwamnatin Ingila ta kafa sashen shirya finafinai domin ƙasashen da ke ƙarƙashinta, motoci suka shiga bin garuruwa suna nuna majigi a fili, kyauta. Ana nuna tsabta, da rigakafi, da noma. Har yanzu dattawa suna tuna Baban Larai, wanda aka yi don koya noman auduga. To, abin lura a nan shi ne, tare da motar akwai wani mutum mai bututun magana, shi ke faɗa wa jama'a da Hausa abin da hoton ke nufi. Watau tun farko, tsakanin fim da mai kallo akwai tafinta. Ku riƙe wannan, gama a kansa maganata ta tsaya.

Ni a Bukan Sidi na tashi, a Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, kuma ban tarad da majigin Gwamnati ba. Abin da muka tarar shi ne gidan kallo: rumfar kwano, da bencina, da talabijin bisa tebur, da janareto yana ta ruri a bayan ɗaki. Kaset ya fara ja da baya, faifan CD ya shigo. Yaro ya kan ba da 'yan canjin da ya tara a bakin ƙofa, wanda ba shi da ko sisi kuwa ya nemi hudar kwano ya sa ido. Unguwar tamu ta tara jama'a iri iri, Eggon, da Alago, da Gwandara, da Tibi, da Barebari, da Hausawa, Kirista da Musulmi, amma a kan benci duk da Hausa mu ke ihu.

Mu 'yan maza ba abin da mu ke so sai faɗa. In an ce yau Jackie Chan ne, ko Jet Li, ko Rambo, ko Kwamanda, wuri ya cika tun da sauran rana. A wurinmu mutum biyu ne kaɗai a cikin fim, ekta da bos. Duk sa'ad da suka zauna suna magana sai a yi ta ƙara, “A wuce! A wuce!” Dalili kuwa a fili ya ke. Turancin Amurka ba ya shiga kunnenmu, balle Sinanci, amma naushi ba ya bukatar fassara. Yaro ba ya son abin da ya fi ƙarfin kunnensa, sai ya kama abin da idonsa ya iya karantawa.

Amma muna da tafintanmu. A kowane kallo ba a rasa wani yaro wanda ya riga ya ga fim ɗin sau uku ko huɗu, ya zauna tsakiya yana bayani: wannan ƙanen bos ne, waccan ita ce aka sace, ku jira yanzu mota za ta kama wuta. Rabin abin da ya ke faɗi daga kansa ya ke fitowa, ba kuwa mai iya ƙaryata shi. Kashegari a makaranta, lokacin tara, kowa ya zama tafinta ga waɗanda iyayensu suka hana su zuwa. A ba da labari daga farko har ƙarshe, da muryar kowa, da ƙarar bindiga, in ka tsallake wani wuri nan take a gyara maka. Ban san wani darasin ba da labari da ya kai wannan tsanani ba, ga shi ba malamin da ya sa mu.

A cikin gida kuwa wani kallo ne dabam. Iyayenmu mata da yayyenmu finafinan Indiya su ke so, da na Hausa. Su ma ba sa jin Indiyanci, amma sun gane auren dole, da rikicin uwar miji, da maraya, da kunya tsakanin yaro da babba, don abin da su ke gani ne a unguwa. Wannan ƙauna ta tsufa, gama Mother India, wanda aka yi a 1957, ya yi shekaru da yawa ana nuna shi a gidajen silima na Arewa. Har laƙabi Hausawa suka sa wa 'yan wasan: Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi, Sanjay Dutt kuwa Ɗan Daba Mai Lasin. Finafinan Hausa na bidiyo sun soma ne a Kano cikin 1990, da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa, kuma da Sangaya ya fito a 1999 waƙa da rawa irin na Indiya suka zauna daram a cikinsu. Mu yara mu kan gudu in an fara waƙa, sai fa in Ibro ne, watau marigayi Rabilu Musa, wanda ya rasu a Disamba 2014. Shi kam ba babba ba yaro, kowa ya zauna.

Akwai kuma majigin coci, da ya ke ni a makarantar Mishan na yi karatu. Wajen Kirsimeti ko Ista a kan ɗaura farin ƙyalle a fili a haska fim ɗin tarihin Yesu, wanda aka yi a 1979 bisa Bisharar Luka, aka kuma juya shi da Hausa. Maƙwabtanmu Musulmi su kan zo su tsaya daga baya. A nan na fara ganin Bature ya buɗe baki Hausa ta fito, kuma a nan na fara zama shiru ina sauraron magana a cikin fim, ba don ta fi faɗa daɗi ba, sai don ina jin ta.

Abin da ya faru gare ni a filin coci shi ya faru ga jama'a duka daga baya, sa'ad da masu fassara irin su Algaita suka shiga ɗora muryar Hausa a kan finafinan Indiya. Tafinta ya tashi daga kan benci ya shiga cikin akwatin. A 2014 aka buɗe tashar Arewa24, Daɗin Kowa ya zo da labari mai tsawo wanda a ke bi mako mako, daga baya Labarina da Izzar So suka biyo. Mutumin da dā ya ke cewa a wuce magana, yanzu maganar ya ke jira. Kwanan baya na sake kallon Kwamanda, wanda aka yi tun 1985, ina jin Turancinsa sarai. Kai, dariya ce ta kama ni! Mutum guda ya gama da runduna, harsashinsa kuma ba ya ƙarewa. Labarin da yaron nan na gidan kallo ya ke ƙaga mana ya fi na masu fim ɗin daɗi nesa ba kusa ba.

Ba na cewa sha'awar babba ta fi ta yaro daraja. Na san malamai masu furfura waɗanda har gobe faɗan Sinawa su ke so, ba kuwa laifi. Abin da ke damuna dabam ne. Yau gidajen kallo galibi sun koma nuna ƙwallon Turai, fim kuwa ya koma wayar hannu. Ka je shago a tura maka, ko ka buɗe YouTube, ka toshe kunne ka kalla kai kaɗai. Wanda ya yi kallo shi kaɗai ba ya bukatar tafinta, ba shi kuma da wanda zai ba labari, domin kowa da tasa wayar.

Sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa, an ba ni aji biyar a wata firamare. Na ce su rubuta insha'i a kan ranar kasuwa, mafi yawansu ba su wuce layi huɗu ba. Kashegari na ce to, wa zai tashi ya ba mu labarin fim ɗin da ya kalla? Hannuwa suka tashi. Amma na lura da wani abu: da yawa gutsure gutsure su ke kawowa, wurin ban dariya a nan, wurin mari a can, irin gajerun hotunan waya, ba farko ba ƙarshe. Yarinya ɗaya ce ta ɗauko labari ta kai shi har gida, da sunan kowa da dalilin faɗansu. Da na tambaye ta, sai ta ce kakarta ba ta gani sosai, ita ke zama kusa da ita tana faɗa mata abin da a ke yi. Ranar Jumma'a na sa ta a gaban aji, na raba sauran biyu biyu, wanda ya kalla ya ba wanda bai kalla ba, sa'an nan mai sauraro ya rubuta abin da ya ji. Insha'in da na karɓa ran nan, mafi gajarta a ciki ya kai rabin shafi.