Raunin laka: fannin bincike da ke jiran matasan Nijar

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin hatsarin kabu-kabu a Maraɗi ko Damagaram ya san yadda abin ke gudana. Kafin a ce me jama'a sun taru, wani ya kama hannu, wani ya kama ƙafa, an naɗe wanda ya faɗi an cusa shi cikin adaidaita. Niyyar taimako ce. Amma idan ƙashin wuya ko na baya ya karye, wannan ɗaukar kaɗai tana iya ƙarasa datse laka, mutum ya daina tafiya har ƙarshen rayuwarsa.

Laka ita ce igiyar jijiyoyin da ta taso daga ƙwaƙwalwa ta bi ta cikin ƙashin baya. Tsawonta wajen santimita 45 ne, kaurinta kamar na ƙaramin yatsa. Fata na warkewa, ƙashi na haɗewa, amma jijiyoyin laka idan suka tsinke ba sa sake haɗuwa da kansu. In raunin a wuya yake, hannuwa da ƙafafu duka na iya shanyewa. In a ƙasa ne, ƙafafu ne ke mutuwa, mutum kuma ya kasa riƙe fitsari da bahaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum miliyan 15 ne ke rayuwa da irin wannan rauni, kuma hatsarin hanya da faɗowa daga sama ne kan gaba wajen haddasa shi. A nan gida sai a ƙara da faɗawa rijiya, ruftawar ramin zinariya da tarin fuka da ke cin ƙashin baya.

Labarin da ya fi yawo a wayoyi daga birnin Lozan na ƙasar Suwizalan ya fito. A can ne masanin jijiyoyi Grégoire Courtine da likitar tiyatar ƙwaƙwalwa Jocelyne Bloch ke jagorantar cibiyar NeuroRestore. A 2018 sun nuna mutum 3 da suka sake taka ƙasa bayan an dasa masu na'urar da ke aika wa laka ƙaramar wutar lantarki. A 2023 sun ƙara gaba: wani ɗan Holan, Gert-Jan Oskam, wanda ya shanye bayan hatsarin keke a 2011, ya yi tafiya da na'urar da ke karanta niyyarsa daga ƙwaƙwalwa ta miƙa ta ga laka, ta tsallake wurin da ya lalace.

Abin da bidiyon bai cika nunawa ba shi ne waɗanda ke bayan aikin. Ba likitoci ne kaɗai ba. Akwai injiniyoyin lantarki, masu rubuta manhajar kwamfuta, masana lissafi, da likitocin motsa jiki, waɗanda a nan muke kira kine. Ke nan wanda ya yi bakaloreya ta kimiyya bai samu shiga sashen likitanci ba, ƙofa ba ta rufe masa ba. A makarantar EPFL ta Lozan, ɗalibin digirin dokta albashi yake karɓa kamar ma'aikaci. Sai dai ko da yake garin na masu Faransanci ne, da Ingilishi ake bincike da rubuce-rubuce, kuma nan ne da yawa daga cikin ƴaranmu ke tuntuɓe.

Masu zuba kuɗi a fannin ma sanannu ne. Gidauniyar Wings for Life ta Ostiriya, wadda aka kafa a 2004, tana ɗaukar nauyin ayyukan bincike a ƙasashe daban-daban. A Amurka akwai gidauniyar Christopher da Dana Reeve, mai ɗauke da sunan ɗan wasan fim ɗin Superman da ya faɗo daga doki a 1995. Amma irin wannan kuɗi yawanci ga wanda ya riga ya gama dokta yake zuwa, yana aiki a ƙarƙashin wata jami'a. Matakin ƙarshe ne, ba na farko ba.

A ganina, darasin da ya fi kusa da mu ya girmi duk waɗannan na'urori. A 1944 wani likita Bayahude da ya tsere daga Jamus, Ludwig Guttmann, ya buɗe sashen masu raunin laka a asibitin Stoke Mandeville na Ingila. A lokacin mafi yawansu ba sa daɗewa suke mutuwa, kuma ba raunin ne ke kashe su ba. Gyambon kwanciya ne da ciwon mafitsara da ke hawa zuwa ƙoda. Guttmann ya sa a riƙa juya majinyaci duk bayan awa 2, dare da rana, a fitar da fitsari cikin tsabta, a kuma tayar da mutum ya motsa jiki. Mutane suka rayu. Gasar harbin baka da ya shirya wa majinyatansa a 1948 ita ce ta girma ta zama wasannin nakasassu na duniya, da aka fara a Roma a 1960.

Abin da ke kashe majinyatan Guttmann shi ne har yau yake ɗauke namu bayan an sallame su daga asibiti. Mutum nawa ne ke raye shekara guda bayan sallama? Awa nawa ake ɗauka daga wurin hatsari zuwa ɗakin tiyata a Yamai? Wace irin katifa ce ke hana gyambo a zafin watan Afrilu, a farashin da talaka zai iya? Wane keken guragu ne ke jure rairayin Tawa? Kowace ɗaya tambayar bincike ce, kuma ba a Lozan za a amsa ta ba. Yawancin ƙasashen Afirka kudu da Sahara ba su da rajistar ƙasa ta masu raunin laka. Ɗalibin likitanci a Jami'ar Abdou Moumouni, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, da zai bi majinyata 50 na shekara guda da littafi da waya, ya rubuta kundin kammala karatunsa a kai, ya riƙe abin da manyan cibiyoyi ba su da shi. Da irin wannan takarda ake buga ƙofar waje.

Hanyoyin horo kuma ba duka ne ke buƙatar bizar Turai ba. A Rabat akwai cibiyar horar da likitocin tiyatar ƙwaƙwalwa da laka ta Afirka, wadda ke aiki tun 2002 a ƙarƙashin ƙungiyar likitocin fannin ta duniya. Mai son kine yana da makarantar ENAM ta Lome, wadda ke koyar da haɗa ƙafar roba da kayan tallafar jiki, da makarantar kine ta Kwatano. Jami'ar Bayero ta Kano ma tana da sashen, ga asibitin ƙashi na Dala a garin, kuma ɗan Maraɗi zai yi hira da majinyata da harshensa. Mai sha'awar ɗakin gwaji ya duba cibiyar BioRTC ta Damaturu, wadda masanin jijiyoyi Mahmoud Bukar Maina ya assasa, da kwasa-kwasan da ƙungiyar IBRO ke shiryawa a Afirka.

Ƴan uwa mazauna waje kuma su yi hattara. Akwai asibitocin kuɗi da ke tallar allurar ƙwayoyin halitta da sunan maganin shanyewa, suna karɓar miliyoyin sefa. Har yanzu babu maganin da aka tabbatar yana haɗa lakar da ta tsinke. Kuɗin da za a tura can ya isa ya biya wa ƙane ko ƙanwa karatun kine, har a sayi katifa da keke mai kyau.

Wanda ke son gwada kansa kafin ya kashe ko dala, ƙungiyar masana laka ta duniya, ISCoS, tana da darussa kyauta a shafin elearnSCI, an rarraba su sashe-sashe: na likitoci daban, na ma'aikatan jinya daban, na kine daban. Rajista da adireshin imel kawai ake yi.